Doreen Halvorsen da wasan da aka rufe mata

Ranar Lahadi, 9 ga watan Maris, Allah ya yi wa Doreen Halvorsen rasuwa a gidan 'yarta Paula, a wani ƙauye na arewacin jihar Iowa, bayan doguwar jinya.

Doreen, ke kike tsara shirye-shiryen tasharmu ta wasanni tun kafin a ɗauke ni aiki, a ɗakin nan marar taga inda kika ƙarar da ƙuruciyarki. Manya sun fi son a cike kowane gurbi da maimaicin wasan babban kulob, ke kuwa sai kin kutsa da gasar ƙwallon kwando ta 'yan matan sakandare, ko da safiyar Talata ce. Kikan ce, “Kakanninsu na zaune gaban talabijin, Curtis. Su ma ai mutane ne.” Da matata ta kwanta asibiti, ke kika riƙe mini aikina har ta warke, ba ki taɓa yi mini gori ba.

Da ciwo ya kai ki wurin Paula, sai ƙa'idar sana'armu ta rutsa da ke. Ƙauyen yana cikin yankin da tasharmu kaɗai ke da izinin nuna wasannin kulob ɗin, don haka an rufe su a intanet. Kamfanin da ke kai musu tashoshi kuma ya daina ɗaukar tamu. Ga wasa ana yi, ga ki a kwance, babu ta inda zai iso gare ki. Na roƙi manya, suka ce yarjejeniya ce, ba yadda za su yi. Abin ya ci mini rai, har yau bai daina ba.

Sai muka koma waya. In an take wasa, in kira ki, in jingina wayar da lasifikar ɗakin da nake watsa wasan. Kina nishi kina gyara mini aiki: “Wannan tallar ta yi tsawo. Barci kake yi ne?”

Ranar Lahadin na kira kamar kullum, sai Paula ta ɗauka. Ta ce, “Mama ta cika ɗazu. Amma kar ka kashe, Curtis, bar wasan ya ƙare.” Haka na zauna, ba damar barin na'urar watsa shiri, ba damar kuka, sautin wasan yana shiga ɗakin da kike kwance har aka tashi.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Paula, ke da 'yan'uwanki da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.