Shaidar da Ta Tashe Mu daga Kiyako

Shekarar da fara ta cinye geron Surko ke nan, damina ɗaya bayan rushewar tsohuwar rijiya, ina goyon 'yata ta biyu a garinmu Kiyako. A lokacin mahara daga duwatsu sun hana mu sakat. Ko noma za a je sai an ɗora mutum bisa kuka yana duban hanya.

Maigidana yana cikin mutanen da ake kira Isawa, masu cewa tafarkin Annabi Isa suke bi. Ni sallata nake yi, bai taɓa hana ni ba. Gari ya haƙura da shi ne don shi ke haƙa rijiya, ba don ana son sa ba.

Da mahara suka kore shanun gari da hantsi, aka kama wani Bawarje, ɗan ƙabilar cikin duwatsun, mai kawo mana zuma, wai shi ya nuna musu hanya. Aka ɗaure shi a ƙofar dagaci, ana maganar sayar da shi. Alhali ranar yana bakin rijiya tun safe yana ja wa maigidana ƙasa.

Na kasa zama. In ɗauki taɓarya in ajiye, in leƙa zaure in dawo. Na ce wa maigidana mu da gona ɗaya, ta aro ma, ya yi shiru kamar yadda sauran da suka gan shi suka yi. Ya ce yana ji na. Ya sa hularsa, ya tafi ƙofar dagaci ba da shaida.

Dagaci ya tambaye shi ko shi ma ɗan leƙen asirin ne, tunda addininsa ma ba a gane kansa ba. Aka yi dariya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, igiyata na hannunsa ina cikin rami. Da ya tafi, da gawata kuka fitar."

Aka kwance mai zuma. Kafin shuka aka karɓe gonar, mata suka daina karɓar gaisuwata. Na ɗora tukwanena a ka, na bi ta tsakiyar kasuwa, ban sunkuyar da ido ba, har Farin Dutse, inda muka koma da zama. Fushin da na yi da shi ya kai kaka, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa jin kunyar a ce matarsa ce ni ba.

Yau cikin waɗanda suka san abin saura ni, da ƙanen dagacin da ya makance, sai 'yar mai zuman, wadda har bana ta aiko mini da zuma ƙwarya guda.