Kwalaben Jikata da Ruwan Zamzam

Da jikata ta ce za ta karanci ciyawar teku a jami'a, ni ne na fi kowa hayaniya a gidan. Na ce garin da ko kududdufi babu, me za a yi da ciyawar ruwa? Ban kyauta mata ba. Ta yi karatunta a Jidda, ni kuma na yi ta neman hanyar gyarawa.

A shekararta ta ƙarshe, cikin tsananin zafi, na'urar sanyaya ɗakin bincikensu ta lalace, aka ce kowa ya san yadda zai yi da kayansa kafin a gyara. Sai ga ta a gidanmu na unguwar Rusaifa, nan birni mai alfarma, da kwali cike da ƙananan kwalabe a rufe, jere layi biyu. Kowacce da ruwa a ciki da wani ɗan jan abu kamar tsinken goro.

Ta yi min bayani a hankali. Sukan zaɓi ciyawa mai ƙwari, su yanki guntun da bai fi ƙwayar gero ba, su tsabtace shi, su rufe a ruwan gishiri mai abinci har ya fitar da rassa. Shi ne irin da manoman bakin teku za su ɗaura a igiya. In waɗannan suka mutu, aikinta na shekara ya tafi, sai ta sake daga farko.

"Tsoho, ɗakinka na zaɓa don mukayyif ɗinka, na'urar sanyaya ɗakin nan, ya fi sanyi," in ji ta. "Kunna fitila ne aikinka, da kashewa. Kada ka taɓa."

"Amarya, na yi kiwon tumaki a kan rufin gida a unguwar Tandabawi tun ba a haifi ubanki ba."

"Su tumaki suna ihu in an cuce su. Waɗannan ba sa yi."

Ta koma Jidda. Ni kuma na zauna ina kallon kwalabe safe da yamma, ban ga sun motsa ba. Tausayi ya kama ni. A gidanmu jariri in ya zo ana ɗiga masa Zamzam a baki, mara lafiya a shafa masa, mai jarrabawa ya sha kafin ya fita. Na ce waɗannan ma ai jarirai ne, kuma jarrabawa ce a gabansu. Na ɗauko jarkar Zamzam da cokalin shayi, na yi bisimilla, na fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya ina ɗiga musu.

Na gama layin gaba kenan mai ɗakina ta shigo da shayi.

"Malam, me yarinyar nan ta ce maka?"

"Albarka nake sa musu."

"To ajiye cokalin. Sauran su jira mai su ta zo."

Ta ɗauke jarkar ta fita da ita.

Ranar Alhamis da jikar ta dawo, ruwan layin gaba ya gurɓace kamar ruwan tsari, jan ya koma fari. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba a haske, ta dube ni. Na faɗa mata gaskiya. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye tare.

"Zamzam ba shi da laifi, Kaka. Buɗewar ce, da cokalinka, da numfashinka. Abin da ido ba ya gani ya shiga ya cinye su. Kuma su da gishiri suke rayuwa. Da kai ka sha ka yi musu addu'a."

"Yanzu shekararki ta tafi?"

Ta durƙusa ta bi layin baya a hankali. A cikinsu akwai waɗanda suka fitar da 'yan rassa sirara kamar gashin jariri, ni ban ma lura ba.

"Waɗannan za su isa, in sha Allah. Da ka kai nan, da na sake ka yau."

A ranar aka mayar da kwalin ɗakin kakarta. Sauran kwanakin daga bakin ƙofa nake leƙe, hannuna a baya.

Sun isa kuwa. Ta ci jarrabawarta, wata gona a bakin Bahar Maliya ta karɓi irin ta ɗaura a igiyoyinta, ta kuma ɗauke ta aiki. Ranar da labarin ya zo na yanka rago, muka ci da shinkafa har da maƙwabta.