Simintin da Ya Kayar da Kwalejinmu

Wata Laraba ce cikin Agusta, bayan la'asar, ina da shekara tara. Ina hanyar rijiya da tulu sai na ji ƙasa ta girgiza. Bangon gabas na kwalejin garinmu ne ya zube. Yayana Habu ya fake a gindinsa da awakinmu saboda ruwa. Awakin sun fita, shi bai fita ba.

Kakanninmu ne suka gina kwalejin nan da tubali, bayin da aka 'yanta zamanin Turawa. Babu makarantar da ke karɓar 'ya'yansu, sai suka kwaɓa ƙasa suka yi tasu. Daga nan malamai da ma'aikatan asibiti suka fito, har masu kiranmu 'ya'yan bayi suka dawo suna kawo nasu. Ni ban taɓa zama a ajinta ba, ruwa na ɗebo mata. Duk bazara kafin ruwan farko unguwarmu kan fita yaɓe. Maza na cuɗa ƙasa da ciyawa da ƙafa, mata na jiƙa makuba, mu yara muna jigilar ruwa, in an tashi mu yi gaɗa a filin. Kakata takan dafa bangon ta ce, "Ginin ƙasa jariri ne, ba a gajiya da shafa shi."

Mu kuwa muka gaji. Iyayenmu suka ce yaɓe aikin bayi ne, abin kunya ne a ga kwaleji da ƙasa. Suka haɗa hannu aka lulluɓe ta da siminti, babanmu a kan gaba. Ruwa ya riƙa shiga ta tsaga ba ya samun mafita, ƙasa na ruɓewa a ciki, waje kuwa sumul. Bayan rasuwar Habu aka kwashe ɗalibai, gara ta cinye azara. Babanmu bai ƙara bi ta hanyar ba har ya rasu.

Yanzu ina Kuala Lumpur ta Malaysia, a wani bene a unguwar Pantai Dalam, ina rainon 'ya'yan ɗana Sani da ke digiri na uku. Rannan ya shigo da abincin mamak, irin na Indiyawa Musulmin garin nan, ya miƙo mini waya. Hoton wata jami'a ne a Amurka da aka gina wa 'ya'yan bayi, ana ta gyaranta.

"Inna, dubi yadda suke riƙe abinsu. Tamu fa, me ya rage?"

"Gonar gero ce. Ci abincinka."

Jikokina da Turanci suke amsa mini, ko hoton kwalejin ba ni da shi in nuna musu. Mun ji kunyar ƙasar ginin da ta ɗaga mu, ita kuwa ta koma inda ta fito.