Wata Goma Sha Huɗu Muna Jiran 'Yar Ƙanwata

Ina Sabha, a kudancin Libiya, ina wanke kwanuka aka kira ni aka ce ƙanwata ta rasu a Damagaram. Mijinta ya riga ta da shekara biyu, rami ne ya rufta da shi a wurin haƙar zinari. Ta bar yarinya ɗaya mai shekara biyar. Kwana uku kafin ta cika ta aiko mini da saƙon murya, tana jan numfashi da ƙyar, ta ce, "Yaya, in ta Allah ta kasance, ki ɗauke ta. Kada ki bar ta a gidan su ubanta." Ban ce mata komai ba sai addu'a, don na ɗauka za ta tashi.

A lokacin mun shekara goma sha biyar a Libiya. Maigidana yana gyaran injin ban ruwa a gonakin wajen Tamanhint, yakan fita Asabar ya dawo Alhamis. Muna haya a unguwar Manshiya, ɗaki biyu a saman wani gareji, inda bugun ƙarfe yake tashe mu tun kafin rana ta yi zafi. 'Ya'yanmu uku, duk a nan aka haife su: 'yar fari mai shekara goma sha uku, namiji mai goma, sai auta mai bakwai. Da yake muna da ikama, wato takardar zama, wata lakwal, makaranta mai zaman kanta a unguwar Hajara, ta karɓe su.

Bayan sadakar bakwai na ce wa maigidan a sa yarinyar a mota daga Agadas, kamar yadda kowa yake zuwa. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Sau uku na bi hanyar nan. Na ga abin da ake bari a gefenta. Ba zan ɗora marainiya a bayan mota ba. In za ta zo, ta zo da takarda."

Na ce, "Da 'yar ɗan'uwanka ce da ba ka kawo zancen takarda ba."

Ya tashi ya sauka gareji, ni kuma na yi kwana biyu ina ajiye masa abinci ba tare da na dube shi ba. Na san yana da gaskiya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Takardar kuwa ba guda ba ce. Sai alƙali a Damagaram ya rubuta cewa riƙon yarinyar ya dawo hannuna, kuma ba zai rubuta ba sai dangin uba sun yarda. Bayan nan a yi mata fasfo, sannan a nemi izinin shigarta nan. Dangin uban kuwa mutum ɗaya ne yake magana da yawunsu, baffanta, yayan mahaifinta. Tun ƙanwata tana da rai ba ma ga maciji da shi. Shi ne ya kwashe kayan ɗakinta bayan mutuwar mijin, ya ce na gado ne. Yarinyar tana hannun mahaifiyata, bai taɓa aika mata ko sabulu ba, amma da ya ji ina nemanta sai ta zama jininsa.

Na kira shi da ladabi, na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ku da kuka bar ƙasarku kuna wanke wa Larabawa masai, yanzu 'yarmu kuke so ku ƙara a ciki?"

Na ce, "Malam, wasiyyar uwarta ce."

Ya ce, "Mace ba ta wasiyya da 'ya'yan wani." Ya kashe waya.

Haka muka shiga jira. Ni dai ban iya naɗe hannu in zauna ba. Na sayo katifa ƙarama na shimfiɗa a ɗakin yara, tsakanin ta 'yar fari da bango. Na kwashe rabin kayan da ke cikin akwatinta na mayar cikin buhu, don a samu wurin kayan mai zuwa. Ban tambaye ta ba. A gidanmu ba a tambayar yaro irin wannan.

'Yar fari ta dawo daga lakwal ta tarar da littattafanta a ƙasa. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta ce da Larabci, "Wa ya taɓa mini kaya?"

Na ce, "Ki yi mini Hausa a gidan nan."

Ta ce, "Inna, ɗakin ko mu ukun bai ishe mu ba."

Na ce, "Zai ishe ku ku huɗu."

Daga ranar katifar nan ta zama abin faɗa. 'Yar fari tana ɗora takalmanta a kai da gangan, in sauke, ta mayar. Namijin ya mai da ita filin ƙwallo. Auta kaɗai take murna, tana jera mata 'yan tsana a kan matashi, har ranar da yayarta ta gaya mata cewa in baƙuwa ta zo ita ba auta ba ce kuma. Auta ta kwashe 'yan tsananta ta ɓoye a bayan firji, ta daina tambaya yaushe za a zo.

Safiya a gidanmu ta koma fagen yaƙi. In tashi in yanka burodi in zuba musu kifin gwangwani da yaji irin na nan, in nannaɗe a takarda, ina yi ina duba waya ko mahaifiyata ta aiko da labari. Rabin hankalina yana Damagaram. Na manta ranar da aka kira iyaye a lakwal. Na manta namijin yana da jarrabawa, na aike shi layin burodi ya makara. Da malamin ya rubuto a littafinsa, shi na daka. Idan wuta ta ɗauke da rana, ɗakin ya zama tanda, sai mu zauna mu huɗu kowa yana jin haushin numfashin ɗan'uwansa.

A wata na biyar na ce bari in je lakwal in kama wa yarinyar wuri tun da wuri. Shugabar ta karɓe ni da mutunci, ta ce in kawo takardu in sun fito. Ina fitowa aka tashi tara. Na hango 'yar fari a gindin bango tare da ƙawayenta uku, 'yan ƙasa, suna dariya. Na ɗaga mata hannu. Ta gan ni sarai, ta juya. Ɗaya daga cikinsu ta nuna ni ta tambaye ta ko ta san ni. Da kunnena na ji amsar, don ban fi taku goma da su ba. Ta ce, "Shaggalarmu ce." Mai aikin gidansu ke nan.

Ban tsaya ba. Na tako da ƙafa daga Hajara har Manshiya cikin rana, ban ma tuna da tasi ba. Da ta dawo na bari ta cire kayan lakwal, sannan na ce, "Mai aikinku ta dafa abinci, ranki ya daɗe."

Ta sunkuyar da kai. Na jira ta ba ni haƙuri. Sai ta ce, "Ai ba ki gaya mini za ki zo ba."

Na mare ta. Tun tana ƙarama ban taɓa marinta a fuska ba. Ba ta yi kuka ba, ta dube ni kawai, ta shige ɗaki.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mahaifiyata takan ari wayar maƙwabta mu yi magana ana ganin juna. Yarinyar ba ta cika magana da ni ba. Takan leƙo ta koma bayan zanin kakarta. Na riƙa tilasta wa yarana su gaishe ta ɗaya bayan ɗaya don ta saba da fuskokinsu. Juma'ar da ta biyo bayan marin, tukunya ta tafaso ta zube a kan wuta, na miƙa wa 'yar fari wayar na ruga. Minti biyu ne ko uku. Da na dawo ta riga ta kashe, ta ce layi ne ya yanke.

Sai bayan mako uku na san abin da aka yi. Mahaifiyata ta kira ni daga ƙofar kotu. Ashe a ranar matar baffan tana zaune a tsakar gidanmu na Damagaram ta zo ganin yarinya, kuma ta ji komai. 'Yata ta ce wa marainiyar, da Hausa tsantsa wadda ni take hana wa, "Kada ki yarda ki zo. Nan harbi ake yi kullum. Kuma Inna duka take yi, jiya ma ta fasa mini baki." Baffan ya kawo matarsa ta maimaita wannan a gaban alƙali. Alƙali ya ɗage zaman, ya ce sai an bincika. Yarinyar kuma tun ranar in ta ji an ambaci Libiya sai ta fashe da kuka.

Kwana ashirin da ɗaya ban yi wa 'yata magana ba. Ina zuba mata abinci, ina wanke mata kaya, amma in ina son gishiri sai in aiki auta ko da ita ce kusa. Ita ma ba ta neme ni ba. Namijin ya koma yini a gareji wajen makanikai, in ya hau sama sai ya ci ya sauka. Maigidan ya dawo wata Alhamis ya tarar da mu haka, ya zauna ya ci tuwonsa, sannan ya ce, "Kina neman riƙon 'yar wani, taki tana hannunki kin kasa riƙewa."

Na ce, "Ka san abin da ta kira ni a gaban mutane?"

Ya ce, "Na sani. Ke kin san abin da ake kiranta a lakwal?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba. Ya kira ta, ya sa ta zauna, ya ce ta faɗa. Da ta fara magana, shi take kallo, ba ni ba. Ta ce shekara huɗu ta yi ana kiranta baiwa, ana toshe hanci in ta wuce, har sai da Larabcinta ya zama irin nasu, ta ce musu su 'yan asalin yankin nan na Fezzan ne, sannan aka bar ta ta zauna a benci ɗaya da su. Ta ce, "Yanzu za a kawo wadda ba ta jin ko kalma ɗaya, a ce in riƙe mata hannu in kai ta aji. Kowa zai sani."

Na ce, "To su sani mana. Ƙarya muka yi da muka haife ki?"

Ta ce, "Ke ba ke ce kike zuwa can kullum ba."

Ba mu shirya a ranar ba. Na dai fara ce mata ta miƙo mini abu, ita kuma tana miƙowa. Na tausaya mata, amma ban yafe ba, don duk lokacin da na tuna marainiyar nan tana kuka saboda maganarta sai zuciyata ta sake tashi.

Mahaifiyata ce ta warware maganar Damagaram, ba ni ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta riƙa ɗaukar tabarmarta kowace safiya ta je ta zauna a zauren baffan, ba ta cewa komai sai gaisuwa. Masu wucewa suna tambaya lafiya, tana cewa jikarta take nema wa sa hannu. A kwana na tara limamin unguwa ya kira shi. Ya sa hannu, da sharaɗin yarinyar za ta ci gaba da amsa sunan ubanta, abin da ba wanda ya taɓa cewa za a canza, kuma za a riƙa kawo ta ganin gida. Ya aiko mini da saƙo na ƙarshe: "In wani abu ya same ta a can, hakkinta yana wuyanki har gaban Allah." Na saurara sau ɗaya na goge.

Sauran takardun suka ci wata shida. Maigidan ne ya tafi ya taho da ita ta jirgi, ta Yamai da Tarabulus. Ranar da suka iso na yi dambu da miyar zogale irin wanda uwarta take so. Yarinyar ta shigo tana riƙe da gefen rigarsa, siririya, ta fi yadda nake ganinta a waya tsawo. Goshinta na ƙanwata ne sak. Na durƙusa na buɗe hannu, ta ja da baya. Ta ce wa maigidan, "Kakata ta ce kwana kaɗan zan yi in koma." Ban san wa zan ji haushi ba, tsohuwar da ta yi mata ƙarya don ta shiga mota, ko ni da zan zauna da ƙaryar.

Bayan mako biyu ta fara lakwal. Ina ɗaura mata ɗankwali a ƙofa na ji 'yar fari tana koya mata, da murya ƙasa-ƙasa kuma ba da wasa ba: "In an tambaye ki daga ina kike, ki ce Manshiya. Kada ki yi Hausa. In kin gan ni a fili kada ki zo wurina." Yarinyar tana gyaɗa kai. Na buɗe baki zan yi magana, sai na fasa. Na leƙa ta taga na ga sun fita titi, babbar tana gaba da nisa, auta da namiji a tsakiya, ita tana baya tana gudu-gudu da jakar da ta fi ta girma.

Yau shekararta biyu a gidan. Larabcinta ya fi na auta. Maigidan take kira Baba tun a hanya, ni kuwa har yanzu ba ta sa mini suna ba. In tana son abu sai ta zo ta tsaya kusa da ni har in juyo in tambaye ta.