Biyel ɗin da Baba ya zaɓa

Shekara uku Baba bai ce mini uffan ba, tun da na zama Kirista na kama aikin makanisiye a garajin asibitin mishan. Maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Buza, kuma in ya juya maka baya, sai dai ka yi ta kallon ƙeyarsa. Ranar kasuwar Madawa nakan iske shi zaune bayan garemanin da ya baza, in durƙusa in gaishe shi, shi ko ya ci gaba da cinikinsa. Abin yana cina ƙwarai.

A lokacin ina da tsohon moto, wato babur, da na saya hannun wani Bature mai komawa gida. Ranar bikin ƙasa samari kan yi tseren moto bisa hanyar marmara, kuma shekarar nan na ci alwashin sai na ba direbobin kwamanda mai mulkin gari kashi, don bakinsu ya ishe ni. Saura kwana huɗu, inji ya fara ƙwanƙwasa. Da na buɗe, biyel ne ya gaji, wato ƙarfen nan mai kama da ƙashin ƙafar akuya da ke haɗa fiston da abin da ke juya inji.

Biyel biyu gare ni na musanyawa. Ɗaya na kamfani, wanda Baturen ya bar mini cikin takarda mai maiƙo, siriri, shafal. Ɗayan wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo mini daga Sakkwato, babu tambari, ga kauri ga nauyi. Inji mai gudu ba ya son nauyi, in ya yi yawa girgiza shi yake har ya wargaje. Wannan na san shi kamar yunwar cikina.

Ranar kasuwa ce, ina aikin a rumfar abokina mai gyaran keke, sai ga Baba zai wuce. Maƙeri kuwa ba ya iya wuce ƙarfe. Ya tsuguna, ya ɗauki duka biyun, ya auna su a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa kowanne da dutse yana saurare, kamar yadda yake gwada ƙarfen garma. Ya aje na kamfanin gefe.

"Wannan ai cokali ne. Kai, sa wancan."

Da ni yake. Na ce, "To, Baba," na sa mai nauyin yana kallo, na ɗaure inji. Da zai tashi ya faɗa wa abokina zai zo kallon tseren.

Yana ba da baya abokin ya taso mini, wai ko na sha wani abu ne, in buɗe in musanya mana, wa ke ganin cikin inji? Gaskiyarsa. Har na ɗauki kile, ƙarfen kwance noti, na kama noti guda, sai na aje. Ban iya kwance abin da na ɗaure a gabansa ba.

Ranar tsere mu tara munka jeru. Da farko ni ne gaba, har na fara jin kaina. Kafin mu kai tsamiyar da ake juyowa, moto ya kama rawa, hannuwana sunka mutu, sai na ji tas, baƙin mai ya wanke mini ƙafa. Biyel ya karye ya huda cikin inji. Da ƙafa na dawo ina turi, direbobin kwamanda suna tambayata ko in ari jaki.

Baba ya ratso mutane ya zo. Ya zaro guntun ƙarfen ta hudar, ya daɗe yana duban bakin karayar. Cikinsa duk ramuka ne ƙanana. Ya ce wannan zubi ne, ba a taɓa dukansa bisa uwar maƙera ba, kuma shi da kansa ya ruɗu da nauyi. Sannan ya tambaye ni ko na san haka za ta faru. Na ce na san dai ba zai kai ni ba.

"Ka sani, ka sa?"

Na sunkuyar da kai. Ya kakkaɓe rigarsa, ya kama ƙahon moto ta ɗaya gefen, munka ci gaba da turi tare. Mun kusa rumfa ya yi magana, idonsa na bisa hanya.

"Uwarka tana tambayarka. Lahadi kuna da taronku, ka zo Litinin."