Baban Ofis da Baƙin Allonsa

Kafin mai shara ta gama da baranda, Baban Ofis ya riga ya shiga ɗakin kwamfuta na asibiti, ya rataye hularsa a ƙusa, ya buga layi ɗaya a baƙin allonsa. Tambaya ce yake yi wa rumbun bayanan asibitin: jini nawa ya rage, gado nawa ne babu kowa. Ya saita ta yadda amsar ke sabunta kanta, kafin ka ƙifta ido wata ta maye wata. Haka yake zaune yana kallo shekara da shekaru. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushinsa. 'Yata ke aiki a ƙarƙashinsa, ita ta raɗa masa wannan suna. Ni na haife ta, ni na sha wahalarta, amma in ta dawo gida ba ta da zance sai "Baban Ofis ya ce". Uwarta har tsokanata take yi: "Malam, an fa ƙwace maka kujera."

Ma'aikatan jinya sun shaida ranar da allon ya daskare, 'yata ba ta lura ba, ta ce wa ɗakin haihuwa akwai jini. Baban Ofis ne ya hango agogon da ke saman allon ba ya motsi. Ya sake buga tambayar, ashe saura leda ɗaya. Ya sa aka nemo ƙarin jini kafin a shiga tiyata da wata mai naƙuda. Bai kai ƙarar yarinyar ba, cewa kawai ya yi, "Fara duba agogo, sannan lamba." Ni da na tsawata mata tun tana ƙarama ban taɓa ganin ta riƙe maganata haka ba.

Ƙarshe dai na wanke ƙafa na je in ga wanda ya raba ni da 'yata. Ya ba ni kujerarsa, idonsa na kan allo.

"Ashe kai ne mai ƙofa!" in ji shi. "Ta ce in ta makara, sai ka yi ta leƙen titi, ka shiga ka fito, ka shiga ka fito. Ai aikinmu ɗaya, Malam: sa ido. A gida ta koyo shi, ni gyara kawai na yi."



Kai ne idon da ba ya gajiya, Baban Ofis. Kai ne ka rufa wa 'yata asiri, ka kuma mayar mini da ita. Kishin bai gama fita ba, amma na gode, Allah ya saka da alheri. Masu koyar da 'ya'yan mutane, ku yi koyi da shi. Sunan kuwa na bar maka, amma iyakarsa bakin ƙofar asibiti.