Hannun da Na Hana Rubutu

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai kamar yadda haƙorana suka soma yi, ba na jin za ta zubar da ranar da na ajiye aikin koyarwa. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ina malami a wata firamare kusa da Jiga Makera, gefen Aliero. Shekara talatin da biyar na yi ina shaƙar ƙurar alli, kuma gaskiya ina ji da kaina. A ganina babu yaron da zai tsaya gaban Allah ya ce na cuce shi.

Ran nan da hantsi hedimasta ya shigo ajina da wata matashiyar malama, ya ce ita za ta karɓe ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa sama-sama, don ina jin haushin a ce wannan 'yar cikina ce za ta gaji ajina. Na ce ta rubuta wa yara kwanan wata mu ga hannunta, na koma bencin baya na harɗe.

Sai ta ɗauki alli da hannun hagu.

Nan take na tuna Karaye ta ƙasar Maiyama, inda na koyar ina da sauran ƙarfi da zafin kai. Akwai wata yarinya bahaguwa, 'yar wani manomin albasa, mai kaifin kai ta ban mamaki. Ni kuwa na ɗaura aniyar sai na raba ta da hagu, wai hannun ƙazanta ba ya riƙe ilimi. Kullum rula tana kan yatsunta. In ta koma dama rubutun ya karkace, in sake dukanta saboda karkacewar. Wata Litinin na kira sunanta a rajista, shiru. Ba ta sake dawowa ba. Na ce a raina iyayen ƙauye ne da ƙin boko, na ja layi a kan sunan, na ci gaba da harkata.

Na dubi fuskar malamar da kyau, na ga ɗan tabon da na san yarinyar nan da shi a saman girarta. Ita ce.

Da aka fita hutun ƙarfe tara na ci gaba da zama a bencin. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, kanta a sunkuye.

"Malam, ka gane ni?"

"Na gane ki, ɗiyata. Ina kinka tahi?"

Ta ce babanta ne ya ga yatsunta a kumbure, ya kai ta wurin gwaggonta a Sabon Garin Jega, can ta gama karatu. Da ta ji zan yi ritaya, ita da kanta ta roƙi a turo ta nan.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Na zalunce ki. Yau nika barin aikin ga, ban son in tahi gida da hakkinki bisa wuyana. Ki yahe mani don Allah."

"Haba Malam, na yahe tun tuni," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Ba don haka niz zo ba. Dubi allo."

Na duba. Yadda ta lanƙwasa kan "ɗ", da 'yar wutsiyar da ta ja wa "y", duk nawa ne sak. Ta ce tun a Karaye ba ta ga rubutun da ya kai nawa kyau ba, shi take kwaikwaya a ƙasa da tsinke in ta koma gida, da hannun da nake duka. Ni da nake taƙama ban taɓa kuka gaban ɗalibi ba, ran nan hawaye har gemu.

Da aka tashi, na ɗauko kwalin allina da ya rage zan ba ta. Ta miƙo dama, kamar yadda kowane ɗa mai tarbiyya zai yi wa babba. Na janye kwalin.

"A'a. Miƙo wancan. Shi ka bi na bashin haƙuri."

Ta yi dariya cikin kuka, ta miƙo hagu, na ɗora mata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, malami ya riƙa bin sawun yaron da ya daina zuwa kafin ya ja layi a kan sunansa, don wani lokaci malamin ne ya kore shi. Ni Allah ya dawo mini da tawa har cikin aji na nemi gafara. Sauran layukan da na ja a rajista, har yau ina yi musu addu'a.